Kiwon niyut a Legas: yaya zan haɗa masa tanki ya rayu a wannan zafin?

Baban Walida, Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon dabbobin ruwa. Na ga wata 'yar halitta a wurin mai sayar da kifin ado, siffarta kamar ƙadangare, bayanta baƙi, cikinta ja da ɗigo-ɗigon baƙi, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba. Ya ce sunanta niyut, daga ƙasar Sin ake kawo ta. Ina so in ɗauki guda uku. Ina da tankin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, ruwan gidanmu kuma na rijiyar burtsatse ne. Mai shagon ya ce in zuba tsakuwa da ruwa in saka su, in riƙa ba su abincin kifi, shi ke nan. Hankalina bai kwanta da wannan bayanin ba. Me ya kamata in shirya kafin in kawo su, kuma me suke ci? Allah Ya saka da alheri.

Injiniya, Mile 12

Wa alaikumus salam Malam. Ka yi daidai da ka tambaya kafin ka biya kuɗi. Abin da ka gani, bisa kwatancenka, shi ne niyut mai jan ciki na ƙasar Sin, wanda masana ke kira Cynops orientalis. Siffa ce kawai ta haɗa shi da ƙadangare. Ɗan'uwan kwaɗo ne, fatarsa ba ta da ɓamɓaroki, kuma ta fatar yake shan ruwa, ta nan yake shaƙar wani kaso na iskar da yake buƙata. Babban bai cika wuce santimita 10 ba, idan ya samu kulawa kuma yana haura shekara 10.

Kafin maganar tsakuwa da abinci akwai maganar zafi, domin ita ce za ta yanke hukuncin ko ka saya ko ka bari. A duk ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara babu niyut ko ɗan'uwansa salamanda ko ɗaya da ya samo asali a nan. Wannan da ka gani yana son ruwa tsakanin digiri 14 zuwa 20. Daga digiri 23 ya fara wahala, idan ya daɗe a 26 ko sama da haka sai ya daina cin abinci, ya riƙa fita daga ruwa yana hawa gilashi, gyambo ya fito masa a ƙafa ko wutsiya, ya mutu cikin 'yan makonni. Ruwan da aka ajiye a ɗaki a Legas kuwa yakan zauna a wajen digiri 27 zuwa 30, ya fi tsananta a Fabrairu da Maris, ya ɗan sassauta a Yuli da Agusta. Ko a wannan sassaucin bai sauko inda ake so ba.

Dalilin da ya sa zafi ke kashe shi biyu ne. Jikinsa ba ya sarrafa ɗuminsa da kansa, idan ruwa ya yi ɗumi komai na jikinsa yana gudu da sauri, yana buƙatar ƙarin iska. A daidai wannan lokacin ruwan yana rage iskar da yake riƙewa: lita ɗaya a digiri 20 tana ɗaukar kusan miligiram 9 na iskar oksijin, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi. Ga ƙwayoyin cuta su kuma suna hayayyafa da sauri a ruwan ɗumi.

Don haka abu na farko da za ka saya ma'aunin zafi ne na cikin ruwa. Ka cika tankin, ka ajiye shi a inda zai zauna, ka rubuta abin da ya nuna da asuba, da azahar, da bayan isha'i har kwana bakwai. Wannan takardar za ta gaya maka gaskiyar ɗakinka fiye da kowane mai shago.

Hanyoyin sanyayawa ba daidai suke ba. Fanka da ake ɗorawa a bakin tanki tana aiki ne ta hanyar busar da ruwa. A Kano lokacin hunturu za ta sauke digiri da yawa saboda iska a bushe take, amma a Legas iska a jiƙe take, laimarta takan kai kashi 80 cikin 100, da ƙyar za ka samu digiri 1 ko 2. Gorar ƙanƙara ta lita ɗaya da rabi tana iya sauke ruwa lita 40 da kamar digiri 3, sai dai bayan 'yan sa'o'i ya koma inda yake, kuma wannan hawa da saukar shi ma yana galabaitar da dabbar. Ƙanƙara ta ranar gaggawa ce, ba tsarin kullum ba. Abin da ke aiki da gaske shi ne na'urar sanyaya ruwan tanki, wadda masu shago ke ce wa cila. Ƙarama mai ƙarfin kashi ɗaya cikin goma na doki ta ishi tankinka, tana jan kamar wat 100 zuwa 150 lokacin da kwamfuresarta ke aiki. Ana haɗa ta da ɗan famfo da tiyo biyu, ruwa ya shiga ya fito, ka saita ta a digiri 19 ko 20. Ka ajiye ta inda iska ke wucewa, kada ka kulle ta a cikin kabad, domin zafin da ta cire daga ruwa a ɗakin take zubar da shi.

Ka liƙa farin soson nan da ake tallafe firji da shi a kwali, mai kaurin santimita 3 zuwa 5, a baya da gefe biyu da ƙasan tankin, ka bar gaba kawai. Yana rage wa na'urar aiki sosai, kuma idan aka ɗauke wuta ruwan zai daɗe bai ɗumama ba. Gilashin gaba zai riƙa gumi, wannan ba yoyo ba ne. Na'urar kuma dole ta kasance a kan inbata ko sola, domin ɗaukewar wuta ta yini guda ta isa ta ɓata aikin wata shida.

Maman Sadik, Obalende

Sannu Baban Walida. Injiniya ya gama da zafi, bari in ɗora a kan ruwa da kayan ciki, domin shawarar tsakuwar nan ma kuskure ce. Niyut zuƙo abinci yake yi da baki, idan akwai ƙananan tsakuwa yana haɗiye su tare da abincin, su toshe masa hanji. Ko dai ka bar ƙasan tankin haka nan ba komai, wanda ya fi sauƙin sharewa, ko ka shimfiɗa lallausan yashi mai kaurin santimita 1 zuwa 2, ko manyan duwatsu masu santsi da suka fi kansa girma. Yashin ka wanke shi a bokiti har sai ruwan ya fito garau. Kada ka ɗebo na bakin teku saboda gishiri.

Tankinka yana cin lita 54 idan ya cika, amma kada ka cika shi. Zurfin santimita 20 ya isa, wato lita 36, kuma wannan ya ɗauki uku ba takura. Idan mai gilashi ne ya haɗa maka shi, ka tambaye shi irin silikon ɗin da ya yi amfani da shi. Wanda ake liƙa banɗaki da shi yana da maganin hana fumfuna a ciki, guba ne ga dabbar. Na tankin kifi ake nema. Ka gwada shi da ruwa kwana biyu a waje kafin ya shiga ɗaki, ka ɗora shi a kan tebur mai ƙarfi da ya daidaita, nesa da taga.

Murfi wajibi ne. Waɗannan 'yan halittun suna hawa gilashi ta kusurwa, cikinsu mai danshi yana manne musu, kuma ramin da tiyo ya bi ya ishe su fita. Wanda ya fita da dare, da safe a bushe za a tsince shi a ƙarƙashin kujera. Ka sa kafinta ya yi maka firam da ragar sauro ta roba, ka toshe gefen tiyo da soso. Raga ta fi murfin gilashi domin ba ta tara zafi.

A ciki ka tanadi wurin hutawa da ya ɗan fito saman ruwa, kamar dutse mai faɗi ko ɓawon itace mai yawo, da maɓoya biyu ko uku. Rabin tukunyar ƙasa da ba a yi wa fenti ba ta yi, a goge bakin da ya fashe don kada ya yanke su. Shuka mafi dacewa ita ce Anubias, wadda asalinta ma daga dazuzzukan yankinmu ne na Afirka ta Yamma, ba ta son haske mai yawa. A ɗaure ta da zare a jikin dutse, idan aka binne kaurin jijiyarta a yashi ruɓewa take yi. Kainuwa ma tana ba da inuwa tana shan dattin ruwa, amma kada a ɗebo ta daga kwata ko lagun. Fitila ƙarama ta LED, awa 8 a rana.

Matatar ruwa ta soso, wadda ɗan famfon iska ke tafiyar da ita, ita ce daidai. Niyut ba ya son ruwa mai ƙarfin gudu, kuma famfon da ake nutsarwa cikin ruwa yana ƙara ɗumi.

Yanzu ga wurin da yawancin mutane ke yin asara, wato saka dabba a sabon ruwa ranar da aka haɗa tanki. Kashinsu da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa tana ƙona fata. A tankin da ya nuna, akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a cikin soson matata, suna mayar da amoniya naitirait, wasu su mayar da naitirait naitiret, wanda ba shi da haɗari sosai. Kafin su taru ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Ka kunna matata, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kamar tsunkule ɗaya duk bayan kwana biyu a tankin da babu kowa, kana gwada ruwan da magungunan gwaji na ɗigawa. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya hau ya sauka. Ranar da dukansu biyu suka nuna sifili, naitiret ya bayyana, tankin ya nuna. Ka canza rabin ruwan sannan ka kawo dabbobin.

Daga nan duk mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo daga ƙasa, ka mayar da sabo mai sanyi daidai da na ciki. Soson matata a cikin tsohon ruwan da ka zuƙe za ka matse shi, sau ɗaya a wata. Idan ka wanke shi da sabulu ko ruwan famfo mai kilorin ka kashe ƙwayoyin, aiki ya koma farko.

Wani abu da littattafan Turai ba sa ambata amma mu dole mu faɗa: maganin sauro. Feshi, igiyar leko, piya-piya, duk suna sauka a kan ruwa, fatar dabbar ta shanye. Ɗakin da tankin yake ba a feshi a cikinsa, ba a kunna turaren wuta, a yi amfani da gidan sauro. Hannun da aka shafa wa mai ko turare ba ya shiga ruwan. Bokiti da tiyon tankin su zama nasa shi kaɗai, kada a yi wanki da su.

Baban Walida, Agege

Na gode ƙwarai Injiniya, na gode Hajiya. Gaskiya inbatar gidan fanka da fitila kawai take ɗauka, na'urar sanyaya ɗaki kuma sai da dare idan akwai wuta. Sannan ruwan burtsatsenmu idan ya kwana a bokiti yana yin ja-ja a ƙasa. Shin akwai wani nau'in da ya fi jure zafi? Kuma har yanzu ina jiran bayanin abinci.

Malam na Idi-Araba

Baban Walida, jan da kake gani ƙarfe ne da ke narke a ruwan, idan ya haɗu da iska sai ya yi tsatsa ya kwanta. Ka tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti da dutsen iska, wato ɗan dutsen da famfon iska ke fitar da kumfa ta cikinsa, a ciki kwana biyu, ka tsiyaye na sama ta cikin auduga, ka zubar da na ƙasa. Ka kuma gwada tsaminsa. Ruwan burtsatse a sassa da yawa na Legas yana da tsami, ma'aunin pH yakan nuna ƙasa da 6, alhali ana son 6.8 zuwa 7.6. A ruwa mai tsami ƙwayoyin da Hajiya ta yi bayani ba sa aiki da kyau, sai tanki ya yi wata biyu bai nuna ba. Maganinsa cokali biyu ko uku na dakakken ɓawon nan da ake haɗawa a abincin kajin ƙwai, a wanke, a ƙulle a ƙyallen raga kusa da matata. Yana narkewa a hankali yana daidaita ruwan. Masu zama wajen Lekki da Ajah su ɗanɗana nasu tukuna, idan da gishiri-gishiri bai dace ba. Ruwan famfo kuma sai an ɗiga masa maganin cire kilorin.

A kan nau'i, akwai niyut mai haƙarƙari na Sifen da Fotugal da Maroko, Pleurodeles waltl. Ya fi ƙarfin jiki, yana zaune lafiya a digiri 16 zuwa 22, yana iya jure 24 ko 25 na ɗan lokaci. Amma babba ne, a tanki yakan kai santimita 15 zuwa 20, biyu kawai sun cika naka. Kuma 25 ɗin nan ma ruwan ɗakinka ya wuce ta. Akzolotul na Meziko, wani salamandar ruwa da ake yayi yanzu, shi ma mai son sanyi ne, 16 zuwa 18. Da irin wutar da ka kwatanta, ra'ayina kada ka sayi ko ɗaya daga cikinsu a yanzu. Rai ne, kuma idan ka kawo shi amana ce a wuyanka.

Idan abin da kake so shi ne 'yar halittar ruwa mai ƙafafu da yara za su riƙa kallo, ka nemi ƙaramin kwaɗon ruwa na Afirka, Hymenochirus. Daga dazuzzukan Kamaru da Gabon da Kwango yake, tsawonsa kamar santimita 3 zuwa 4, rayuwarsa duka a ruwa, yana son digiri 24 zuwa 27. Da soson tallafi da fanka da ɗaki mai inuwa za ka iya riƙe wannan. Duk abin da Hajiya ta faɗa na yashi da murfi da nunar tanki ya shafe shi, huɗu ko biyar za su zauna a naka.

Abinci kuwa, busasshen garin kifi mai yawo a sama ba abincin niyut ba ne. Nama yake ci, da ƙamshi da motsi yake gane shi, a ƙasan ruwa. Babu abin da ya kai tana. A haƙo ta a ƙasar da ba a zuba taki ko maganin ƙwari ba, ba ta bakin kwata ba, a ajiye ta kwana ɗaya a jiƙaƙƙiyar takarda ta fitar da ƙasar cikinta, a yanka daidai faɗin bakinsa. Babba sau biyu ko uku a mako, abin da zai cinye cikin minti 15, ragowar a zuƙe nan take. Jajayen tsutsotsin da ake sayarwa a daskare suna da kyau a matsayin ƙari, amma idan firiza ta narke ta sake daskarewa sun lalace, a zubar. 'Ya'yan sauro da ƙananan gara ma suna ci. Kada a ba su naman shanu, burodi, ko busasshen kifi mai gishiri. Ka miƙa wa kowanne nasa da ɗan hantsaki mai tsawo, ta haka za ka san wanda ya ƙi ci, kuma ba za su cije wa juna ƙafa ba.

Jan cikin nan gargaɗi ne. Fatarsu tana fitar da guba irin ta kifin nan mai kumbura ciki, ba ta ratsa lafiyayyar fata, amma tana da haɗari a ido, a baki, ko a rauni. Suna kuma iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela. Yara su kalla da ido kawai. Idan dole a ɗauke shi, a kora shi cikin kofin roba, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

A wurin saye ka duba wutsiya mai kauri, ido garau, yatsu cikakku, fata babu gyambo ko farin abu kamar auduga. Wanda ƙashin ƙugunsa ya fito ko yake yawo a sama ya kumbura, ka bar shi. Yawancin masu jan ciki da ke kasuwa kamo su aka yi daga daji, sun sha yunwa da zafi a hanya. Sabon zuwa ya yi aƙalla kwana 30 a wata roba daban kafin ya haɗu da wasu, kuma ba a haɗa su da kifi ko kwaɗo. Kada a zuba musu maganin kifi mai sinadarin tagulla, yana kashe su.

Kada kuma a saki wanda aka gaji da shi a kwata ko rafi. A 2013 masana suka gano wata fumfuna mai cin fatar salamanda, wadda ta kusa ƙarar da wani nau'in salamandar daji a Holan, kuma bincike ya danganta zuwanta Turai da cinikin niyut daga Asiya, waɗanda kan ɗauke ta ba tare da alama ba. Saboda ita Amurka ta hana shigo da nau'i 201 a 2016. Ruwan robar sabon zuwa a zuba masa bilic ya ɗan jima kafin a zubar.

Injiniya, Mile 12

Na yarda da Malam a kan kwaɗon. Abu ɗaya zan ƙara ga wanda yake da wutar da za ta riƙe na'ura, ya kuma samu ƙanana. Ɗan mai jan ciki, bayan ya bar matakin tsutsa, a tudu yake zama shekara ɗaya ko fiye, fatarsa a bushe da kaushi, idan aka jefa shi a ruwa mai zurfi nutsewa yake yi ya mutu. Nasa gidan daban ne: tsakuwa santimita 3 a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, raga a kanta, sannan garin ɓawon kwakwa da aka wanke sosai santimita 5, busassun ganye da ɓawon itace a sama, da faranti mai ruwan da bai wuce santimita 1 ba. Danshin ya zama idan ka matse ƙasar a hannu ta dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya bushewa don ya zaɓa. Ana ba shi ƙananan tana kullum ko bayan kwana ɗaya. Cila ba ta da amfani a nan tunda babu ruwan da za ta sanyaya, ɗakin ne gaba ɗaya zai zauna ƙasa da digiri 22 dare da rana.

Baban Walida, ka fara da ma'aunin zafin, ka kawo mana abin da ya nuna na kwana bakwai tare da pH ɗin ruwanka bayan ya kwana biyu a bokiti.